Farantin da Goggo Ba Ta Taɓa Ba

Tun da motar Alhaji Bilyamin ta saki titin Damaturu ta karya kwana zuwa wani farin get, gaban Khairat ya yanke ya faɗi. Ba ta taɓa shiga wurin ba, amma ta san shi kamar ƙofar gidansu, domin a bayan get ɗin nan Abbas yake aiki.

"Alhaji, ba nan muka yi da kai ba," ta ce.

"Mun yi zan kai ku cin abincin rana inda ya fi ko'ina a Potiskum," ya amsa yana murmushi. "To ga Dausayi. Ko akwai wanda kike tsoron gani ne?"

Ashe da gayya ya yi.

Shekara biyu ke nan Abbas yana neman Khairat, malamar lissafi a sakandaren Mamudo. Ba a taɓa kama shi da wani abin assha ba. Laifinsa ɗaya ne a wurin mahaifinta, Malam Muhammadu Lawan, babban dillali a kasuwar shanu: shi ne shugaban masu girki a Dausayi.

"Ba zan yi miki dole ba," in ji Malam, "amma namiji da ludayi? Da wane ido zan kalli abokaina a kara?"

Ana cikin haka Bilyamin mai tireloli ya fito. Da kukan Khairat ya ishi Malam, sai ya tattara maganar ya miƙa wa yayarsa, Goggo Gumsu, wadda ta raine shi, ta kuma raini Khairat bayan rasuwar mahaifiyarta. Ya ce abin da Ya Gumsu ta yanke shi za a yi, Khairat ma ta yi alkawarin ba za ta tsallake ba. Gobe Lahadi magabatan Bilyamin za su zo jin amsa. Ga Goggon nan a kujerar baya, ta ƙudundune cikin mayafi, ba wanda ya san abin da ke ranta.

Suna isa bakin ginin, ƙofar gilashi ta dare gida biyu ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Goggo ta yi tsalle baya. "A'uzubillahi! Wa ya buɗe?"

"Na'ura ce, Goggo," Khairat ta raɗa mata.

Wani sanyi mai ƙamshi ya tarbe su, alhali a waje rana ce ake yi ta fasa kai. Khairat da take ganin ta waye, ita ma sai da ta saki baki. Daga rufin, fitilu ne suka zubo kamar zangarniyar gero, ɗaruruwa, kowacce na walƙiya. A bangon gabas ruwa ke gangarowa a kan baƙin dutse, ba a ga inda ya fito ba, ba a ga inda yake tafiya ba. Can gefe ga wasu kifaye ja da ruwan ɗorawa suna yawo cikin akwatin gilashi, hankalinsu kwance.

"Ikon Allah," Goggo ta ce a hankali. "Hairatu, a garin nan namu ake wannan? Muna can muna rigima da mai kura kan jarka ɗaya, ga bango yana wanka."

Ta dubi ƙasan wurin, ta hango fuskarta a ciki. Sai ta sunkuya ta fara zare takalmi.

Bilyamin ya tuntsire da dariya har mutanen teburin kusa suka waiwayo. "Haba Goggo, ai ba masallaci ba ne!"

Goggo ta mayar da takalminta.

Wata ma'aikaciya doguwa mai fara'a, an rubuta Sabina a ƙirjin rigarta, ta kai su wani teburi da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle. A gaban kowa cokula ne reras, manya da ƙanana, da wuƙa, da kofi mai dogon wuya wanda mutum zai ji tsoron ɗauka. Goggo ta shafa ƙyallen da bayan hannu, ta girgiza kai. Ta ce da ita ce, wannan sai ranar Sallah.

Bilyamin bai tambayi kowa abin da yake so ba. Ya karɓi takardar abinci ya yi ta nunawa da yatsa, waya a kunne.

"Bakari, har yanzu kana Damagum? Me kake jira? Ka taka motar nan, don Allah!"

Da abincin ya iso, mutum uku ne suka kawo shi. Kowane faranti da murfinsa na ƙarfe mai ƙyalli. Suka tsaya a bayansu, suka ɗage murafen lokaci guda, tururi ya tashi.

Wallahi ko wanda ya ƙoshi sai ya haɗiyi yawu. Shinkafa ce kala uku an tsara ta kamar ginin rumbu, gefenta gasasshen kifi kwance a kan koren ganye, an zagaye shi da wata jar miya da aka ɗiga kamar zanen lalle. Ga haƙarƙarin rago yana naso. Ƙamshin ya cika wurin, Khairat kuwa ta gane hannun da ya yi shi, sai idonta ya ciko.

Goggo ta daɗe tana kallon farantinta. Tun karin safe ba ta sa komai a bakinta ba, Khairat shaida ce. Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ɗan juya kujerarta gefe, ta naɗe hannuwanta a cinya.

Khairat ta zuba mata ido. Ta san Goggonta. Mace ce ta da, wadda ko ruwa ba za ta kurɓa a gaban suruki ba. In har ta ƙi ci a gaban Bilyamin, to a zuciyarta ta riga ta ba shi. An gama ke nan.

Shi kuwa gogan bai ma lura ba. Ya duƙufa kan haƙarƙari, yana ci yana faɗa da direbobi. Sai da ya kusa tashi da rabin farantinsa sannan ya ɗago.

"Goggo, ci mana. Ko cokalin ne ya gagare ki?"

"Alhamdu lillahi," ta ce ta cikin mayafi.

Sabina ta zagayo sau biyu, a na uku ta kasa haƙuri. Ita ba a nan ta tashi ba, aiki ne ya kawo ta Potiskum, ba ta san wannan kunyar ba. Ta ranƙwafo da damuwa a fuskarta.

"Mama, abinci bai yi daɗi ba ne? Yaji ya yi yawa? Ko kifi ne ba ka so?"

"Lafiya lau, 'yata."

"A'a Mama, ko taɓawa ba ka yi ba. Dokan gidan nan, in faranti zai koma haka, dole Oga ya fito da kansa ya ji dalili."

Idon Bilyamin ya yi haske. Ya aje cokali ya goge baki.

"Ƙwarai kuwa. Kira mana shi. Goggo ta ga mai girkin da idonta."

"Alhaji, don girman Allah ka bari," Khairat ta ce, hawaye na zubo mata. "Me ya yi maka?"

"Ni me na yi? Dokar gidansu ce."

Ƙofar ciki ta buɗe, Abbas ya fito. Fararen kaya ne a jikinsa fes, da doguwar farar hula, ma'aikata na matsawa suna ba shi hanya. Khairat ba ta taɓa ganinsa a kayan aiki ba. Kullum a kan babur yake zuwa Mamudo da 'yar shaddarsa mai sauƙi. Yau sai ta ga kamar an ƙara masa tsawo.

Ya hango su, ƙafarsa ta ɗan tsaya, sannan ya ƙaraso. A tsakiyar wurin nan mai ƙyalli, a gaban manyan mutane da yaransa na aiki, ya cire hula ya durƙusa har ƙasa.

"Goggo, ina wuni. An zo lafiya?"

"Lafiya lau," ta amsa a daƙile.

"To kuku," in ji Bilyamin da ƙarfi don kowa ya ji, "ga girkinka nan, tsohuwa ta kasa kai shi baki. Mu muna kan titi muna fama da ƙarfe, ku aikin mata kaɗai aka bar muku, shi ma ya gagara?"

Abbas bai dube shi ba. Ya dubi farantin, ko cokali ba a motsa ba. Ya dubi kujerar da aka juya gefe, da mayafin da ya rufe baki. Sannan ya dubi Khairat sau ɗaya. Ta ga lokacin da ya gane, ta ga yadda abin ya soke shi.

Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. Da ya ce kunya ce, da kowa ya san girkinsa ba shi da aibu. Amma da ya tona tsohuwa a gaban jama'a.

"Laifina ne," ya ce. "Wannan ba cimar manya ba ce, ban yi tunani ba. Goggo, ki yi haƙuri. Akwai ɗaki a ciki da ya fi nan shiru, ki ɗan huta, in sake miki wani."

"Kin ji da bakinsa ko?" Bilyamin ya ce wa Khairat, yana dariya. "Ku je, ku je, ni ina da waya."

Abbas ya miƙe ya yi wa Sabina magana a kunne, ya koma ciki.

Ɗakin ƙarami ne, an shimfiɗa darduma mai laushi da matasai a ƙasa, babu teburi babu cokula. Goggo ta zauna ta miƙe ƙafa, ta sauke ajiyar zuciya. Sabina ta kawo buta da ɗan kwano na wanke hannu.

"Zo nan, 'yata," Goggo ta ce. "Me ya ce miki a kunne?"

Sabina ta yi jim. "Ya ce abinci ba shi da komai. Ya ce Mama ba ya cin abinci gaban suruki, al'ada ne. Ya ce kar in faɗa a waje, kuma kar namiji ya shigo nan. Yi haƙuri Mama, ni ban sani ba."

Goggo ta jinjina kai, ta jingina da matashi.

Bayan kamar rabin sa'a aka ƙwanƙwasa. Khairat ta buɗe, ta tarar da Abbas riƙe da tire, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ta fita ta jawo ƙofar a bayanta.

"Me ya sa ka yi haka?" ta ce, kuka na cin ta. "Ya ci maka mutunci a gaban yaranka, ka ce laifinka ne!"

"Na ga farantin, Khairat. Ba ta ci a gabansa ba. Ni ma ɗan garin nan ne, na san abin da ake nufi."

"To shi ke nan? Ka haƙura da ni?"

"Ban haƙura ba. Wallahi ban san yadda zan yi in haƙura ba." Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Jiya ko runtsawa ban yi ba. Amma ita ta raine ki. Ko wa ta zaɓa, ba za ta fita daga wurin aikina da yunwa ba."

"Abbas, ni ba na son motocinsa. Na gaya wa Baba, na gaya wa Goggo, ba wanda ya ji ni."

"Na sani. Karɓi, kar ya huce. Naman na dafa shi sosai saboda haƙoranta."

Ya miƙa mata tiren ya juya da sauri, don kada ta ga fuskarsa.

Khairat ta aje a gaban Goggo ta buɗe. Burabisko ne na gero, wara-wara, kowace ƙwaya ta tsaya da kanta, da miyar yakuwa, da danderun rago, naman da aka turara, wanda ana taɓa shi yake rabuwa da ƙashi.

Goggo ta wanke hannu ta yi bisimilla. Loma ɗaya ta kai, ta tsaya. Ta ɗebi burabiskon ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci ta shinshina.

"Wannan geron ba inji ya taɓa shi ba," ta ce. "A turmi aka surfa shi."

"Daga Gadaka ake kawo masa. Akwai matan da ke yi masa, ya ce inji yana ƙona ƙamshin."

"Shi ya faɗi haka? Namiji?"

Ta sake kai loma, ta sake. Sai Khairat ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, hawaye a kuncin Goggo.

"Shekara ashirin da shida ina sayar da abinci a bakin tasha," Goggo ta ce, tana kallon kwanon. "Ubanki yana ɗan shekara bakwai iyayenmu suka rasu. Da tukunyata na raine shi, da ita na yi masa aure. Direbobi daga ko'ina suna layi a kan burabiskona. Na ɗauka babu wanda zai ƙara yin irinsa, ni ma hannuna ya daina. Yau ga shi a gidan gilashi."

Daga bayan wani labule a bangon ɗakin ana jiyo ƙarar ƙarafa a hankali. Goggo ta miƙe ta yaye labulen. Taga ce ta gilashi, kuma ta cikinta ana ganin kicin ɗin gaba ɗaya.

Su biyun suka tsaya kamar an dasa su.

Wuri ne da ya fi tsakar gidansu girma, komai na ƙarfe, komai na sheƙi. Murhu takwas ke ci a jere. Mutum goma sha biyu, maza da mata, kowa da fararen kaya, suna kai da kawo ba mai karo da wani. Wani ya kaɗa kasko, wuta ta yi sama ta kusa lasar rufi, ta koma ta kwanta. A tsakiyarsu Abbas yake. Ba ya ihu. Ya ɗaga yatsa, a rage wuta. Ya ɗanɗana miya ya girgiza kai, a janye tukunyar. Wani dattijo mai furfura ya kawo masa faranti da hannu biyu ya tsaya yana jira, sai da Abbas ya gyaɗa kai sannan aka fita da shi. Can ya juya baya ya goge ido da gefen hannu, ya koma kan aikinsa.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," Goggo ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ni murhu biyu nake haɗawa in ji kamar zan haukace. Wannan takwas ne, Hairatu. Takwas!"

Khairat ta zube a gabanta ta riƙe ƙafafunta.

"Goggo, na yi alkawari ba zan tsallake maganarki ba, kuma ba zan tsallake ba. In kin ce Alhaji, zan shiga gidansa in yi biyayya. Amma ki sani zuciyata tana cikin ɗakin can. Ke kaɗai Baba yake ji. Ke kika san zafin murhu, ke kika san ba abin kunya ba ne. Ki tausaya mini, Goggo, ba ni da uwar da ta wuce ki."

"Tashi. Kin jiƙa mini zane."

"Goggo…"

"Na ce ki tashi. Da na bar gida na riga na yanke, na ce mai motoci zai riƙe ki, ba za ki sha wahalar da na sha ba. Ubanki ma abin da yake gudu ke nan, ba ya son tuna tasha." Ta saki labulen. "Ɗauko mini kwanon nan da butar."

"Ina za mu?"

Goggo ta riga ta kai ƙofa.

Bilyamin yana nan inda suka bar shi, ya cinye nasa har ya jawo kifin Khairat. Goggo ta ja kujerarta ta daidaita ta sosai, tana fuskantarsa. Ta ture cokulan gefe, ta sa Khairat ta zuba mata ruwa ta sake wanke hannu. Ta sauke mayafi zuwa kafaɗa, ta naɗe hannun riga, ta cusa hannu cikin burabisko.

Ci take yi na gaske, loma bayan loma, tana tsotsar ƙashi, tana kallon Bilyamin ido cikin ido.

Khairat ta dafe ƙirji.

"Yauwa Goggo!" Bilyamin ya ce, ya aje waya yana tafi. "Yanzu kika saki jiki da ni. Ai haka nake so, mun zama ɗaya."

"Miƙo mini ruwan can, ɗan nan," ta ce. Ta karɓi kofin mai dogon wuya ta shanye a gabansa, har da gyatsa.

Sabina da ta ga tsohuwa na ci, murna ta kama ta, ta ruga ciki ta faɗa. Jim kaɗan sai ga Abbas ya fito da ɗan kwanon kankana da gwanda da aka yanka, don ya yi sallama da baƙin gidansa yadda aka saba. Ya taho a hankali, kansa a ƙasa, kamar mai zuwa karɓar hukunci.

Yana isowa teburin, hannun Goggo ya tsaya a tsakanin kwano da baki. Ta mayar da lomar. Ta jawo mayafi da sauri ta rufe fuska har ido, ta juya kujerarta gefe, ta ba Abbas baya.

Murmushin Bilyamin ya fara bushewa.

"Goggo, lafiya?" ya ce. "Yanzun nan fa kike ci."

Ba shi ta amsa wa ba. Ta cikin mayafi ta yi magana, a hankali, amma kowa a teburin ya ji.

"Hairatu, ki ce wa wannan ya koma bakin aikinsa. Ya zo ya tsaya mini a ka. A gidanmu ba a cin abinci gaban suruki."

Kwanon kankana ya kusa suɓuce wa Abbas, Sabina ta yi maza ta karɓe. Ya durƙusa a bayan kujerar Goggo. Khairat tana kuka tana dariya, ta kasa isar da saƙon.

"Har yanzu yana nan?" Goggo ta ce. "Abincina zai huce."

Abbas ya miƙe ya ja da baya, da baya, har ya shige kicin, sannan Goggo ta sauke mayafi ta ci gaba da cin abincinta.